Bot zai iya maye gurbin mutum wajen duba kod? Ina neman shawararku

Abba_Kod ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da tambaya, na san a nan akwai waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar.

Muna da wani ɗan rukuni na masu koyon furogiramin, yawanci ɗalibai ne da waɗanda suka gama bautar ƙasa suna neman abin yi. Tsarin shi ne kowa ya rubuta kod ɗinsa ya ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ya buɗe PR, wato buƙatar a duba aikinsa a haɗe shi da babban aikin, mu da muka ɗan fi su gogewa sai mu duba mu faɗa masa inda zai gyara. Matsalar ita ce masu dubawar ba mu da yawa kuma kowa da hidimar gabansa, ga rashin wuta ga tsadar data, sai ka ga yaro ya ɗora aikinsa yana ta jira ba wanda ya tanka masa har jikinsa ya yi sanyi ya ɓace ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma wlh wannan abin yana min ciwo don wasunsu suna da ƙwaƙwalwa sosai.

To yanzu wasu a cikinmu sun kawo shawara wai mu daina wahalar da kanmu. A sa linta, wato manhajar da ke bin kod tana nuna ƙananan kurakurai, a sa gwaje-gwajen da ke tashi da kansu a GitHub Actions, a ƙara da irin bot ɗin nan na AI da ke karanta PR yana rubuta sharhi, in komai ya nuna kore, alamar ya wuce, kawai a haɗe, ba sai mutum ya sa ido ba. Hujjarsu bot ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya wulaƙanta ɗan koyo, kuma cikin minti kaɗan ya ba da amsa ko da tsakar dare ne. Ni ban goyi baya ba amma gsky hujjar tasu tana da ƙarfi. Me kuka gani? A cire mutum gaba ɗaya ko a'a?

sadiq_go ya rubuta:

Wa alaikumus salam Abba. Ni dai ina tare da abokan naka fiye da rabi, bari in faɗa maka dalili.

Mutane suna magana kamar duban mutum wani abu ne da ba ya kuskure, alhali manyan ɓarnar da aka yi a tarihin manhaja da yawa sun wuce ta gaban idon mutum bai gani ba. Ka ɗauki matsalar tsaron nan da ake kira Heartbleed. Gyaran da ya kawo matsalar ya shiga OpenSSL ne, manhajar da ke kare sirrin saƙonni a intanet, a ƙarshen 2011, kuma ba a ɓoye ya shiga ba, wani ƙwararre ya duba ya amince. Abin da aka manta kawai shi ne a tabbatar tsawon da mai aiko saƙo ya ce saƙonsa yana da shi ya yi daidai da ainihin abin da ya aiko. Haka abin ya zauna har watan Afrilun 2014, duk wanda ya san dabarar zai iya yagar wani yanki na ƙwaƙwalwar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya karanta, har da kalmomin sirri. A shekarar dai, watan Fabrairu, aka gano na Apple, layi ɗaya tak na goto fail da aka maimaita sau biyu, shi ke nan aka tsallake tantance sa hannun da ke tabbatar da cewa sabar da kake magana da ita ta gaskiya ce. Wannan kuwa kwamfaila, manhajar da ke fassara kod zuwa harshen inji, in an kunna gargaɗinta na kod ɗin da ba a taɓa isa gare shi ba, zai yi ihu a kai. Idon mutum kuma yana zamewa a kan layi biyu masu kama da juna, musamman in ya gaji.

Kuma fa wannan ba sabon abu ba ne, tun 1978 Stephen Johnson ya rubuta lint a Bell Labs don harshen C. Yau a harshen Go muna da gofmt, ba wanda ke tsayawa gardama a kan tazara ko inda za a sa baka, injin ya tsara an wuce wurin. Python na da Black, JavaScript na da Prettier da ESLint. Ka je ka duba sharhin da ake yi wa yaranku a PR, na tabbata mafi yawansa irin su sunan nan bai yi ba, ka manta ka goge wannan layin, ka shigo da abin da ba ka yi amfani da shi ba. Wannan ai ba aikin ɗan adam ba ne. Ko Linux da ake ganin ita ce cibiyar duban mutum, akwai checkpatch, akwai bot ɗin Intel da ke gina kowane gyara ya gwada, akwai syzbot na Google da ke ta jefa wa kanel, wato zuciyar Linux, shirme dare da rana har ya faɗi sannan ya aiko rahoto. Ba mutumin da zai iya wannan.

Yaron da ya jira sati ba amsa ya tafi, da wanda bot ya amsa masa cikin minti biyar ya gyara ya ci gaba, wanne ya fi amfana?

Malam_Habu ya rubuta:

Salamu alaikum. Sadiq ƙanena, duk abin da ka faɗa a kan linta da masu tsara kod na yarda da shi ɗari bisa ɗari, wanda bai sa su ba ma ya je ya sa yau. Inda muka rabu shi ne maganar in ya nuna kore a haɗe kawai.

Da farko Heartbleed ɗin da ka kawo, ka tuna manyan injinan binciken kod na wancan lokacin su ma ba su kama shi ba, sai bayan an gano ne aka koma aka koya musu irin wannan kuskuren. Haka injin yake, abin da aka riga aka san kuskure ne shi yake nema. Shi kuma gwaji abin da marubucin ya yi tunaninsa kawai yake gwadawa, in ɗan koyo bai fahimci matsalar ba to gwajin da zai rubuta ma a kan rashin fahimtar zai gina shi, komai ya yi kore kuma aikin ba daidai ba.

Bari in ba ka misali daga irin aikin da yaranmu ke yi kullum. Yaro ya rubuta fom na rajista, yana haɗa umarnin SQL na rumbun bayanai da hannu yana manna sunan mutum a ciki. Sai aka shigar da Sa'adatu ko Mas'ud, wannan ɗan waƙafin na sama ya karya umarnin. Yaro ya ga ai maganin abin shi ne ya hana duk wani harafi da ba a zuwa z ba, ya sa sharaɗin, ya rubuta gwaji, gwaji ya wuce. To yanzu manhajarsa ba ta karɓar Sa'adatu, ba ta karɓar A'isha, ba ta karɓar Ɗanjuma ko Ƙasimu da ainihin haruffansu, wato ya kori rabin mutanen garinsu daga abin da ya gina don su, kuma ramin da ake kutse ta cikinsa yana nan a sauran wuraren da bai tace ba. Wanda zai ce masa ɗana ba sunan ne matsalar ba, yadda kake gina umarnin ne, ka raba umarni da bayanan da ake shigarwa, sannan ka bar mutane su rubuta sunansu yadda iyayensu suka raɗa musu, to mutum ne da ya san su waye za su yi amfani da abin.

Haka maganar kuɗi. Duk wanda ya taɓa buga 0.1 + 0.2 a JavaScript ko Python ya ga 0.30000000000000004. Ɗan koyo zai ajiye naira a irin wannan lambar mai ɗigo, a gwaji da ciniki biyu uku ba za ka ga komai ba, sai an tara dubbai lissafi ya ƙi daidaita. Shi ya sa irin su kamfanin biyan kuɗi Paystack suke karɓar adadi a kobo, cikakkiyar lamba ba ɗigo. Linta ba ta san wannan lambar kuɗin wani ba ce, a wurinta lamba ce kawai.

Amma duk wannan ma ba shi ne babban dalilina ba. A 2013 wasu masu bincike biyu, Alberto Bacchelli da Christian Bird, sun yi nazarin yadda ake duba kod a Microsoft. Da aka tambayi ma'aikata me ya sa ake dubawa, abin da ya zo a gaba shi ne don a kama kurakurai. Da suka zauna suka karanta ainihin sharhin da ake rubutawa sai suka ga na kama kuskure kaɗan ne a ciki, abin da ya fi fitowa shi ne inganta rubutun, da yaɗa sani a tsakanin ma'aikata, da kowa ya san me ɗan'uwansa ke yi, da kawo wata hanyar da marubucin bai yi tunaninta ba. To in haka abin yake a kamfanin da ke biyan albashi, ina ga rukuninku da aka kafa shi don koyo tsantsa? Ku ba manhaja kuke samarwa ba Abba, mutane kuke samarwa.

Duk wanda ya yi tsangaya ya san darasu. Gardi ya rubuta allonsa da ka ya kawo gaban alarammomi a duba, ba don a goge masa kuskure kawai a miƙa masa ba, a nan ne yake jin dalilin da ya sa aka ce nan ba haka ba ne, a nan yake ganin yadda manya ke kallon rubutu, kuma da zama a wurin ne wata rana shi ma zai zama mai duba na wasu. Wannan ne abin da za ku rasa. In bot ne ke duba kowa, nan da shekara uku waye a cikin yaranku zai iya karanta kod ɗin wani ya ce ga inda za a samu matsala? Karanta kod ɗin wani fasaha ce daban da rubuta naka, kuma a wurin aiki ita za ka fi yi.

Google suna da kuɗin da za su sayi kowane inji a duniya, su ne ma ke ƙera wasu, amma tsarinsu shi ne gyara ba ya shiga babban rumbun kod ɗinsu sai wani mutum daban ya duba ya amince.

Maman_Hanan ta rubuta:

Malam Allah ya ƙara sani, na ƙaru sosai. Amma ina so in faɗi wani ɓangare da ku manya ba kasafai kuke jinsa ba saboda kun wuce wurin.

Duban mutum yana da daɗi ne in an dace da mutumin kirki. In ba a dace ba wlh yana kashe zuciya. Akwai mai dubawar da zai rubuta maka kalma ɗaya, "shirme", ya wuce abinsa, akwai wanda zai sa ka ji kamar ka yi laifi da ka yi tambaya, mu mata kuma namu ya fi yawa don wani da ya ga sunan mace ya riga ya yanke hukunci kafin ya buɗe fayil ɗin. Na san 'yan mata da suka bar harkar nan ba don ba su iya ba sai don ba za su iya jure a dizga su a gaban mutane ba. Kuma ba a wajenmu kaɗai ba ne, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, da kansa a watan Satumban 2018 ya fito ya ba da haƙuri a kan yadda yake yi wa masu aiko gyara magana, ya ɗan janye na wani lokaci, aka kawo sabuwar ƙa'idar mu'amala a aikin Linux. Saboda haka in ɗan koyo ya ce ya fi son bot ya fara ganin aikinsa kafin mutum, ni na fahimce shi sarai, yana so ya share abin kunya kafin ya fito.

Sai dai ina so a raba abu biyu da Abba ya haɗa su wuri ɗaya. Linta da gwaji daban, bot ɗin AI daban. Linta in ta ce layi na 40 akwai abin da ba a yi amfani da shi ba to akwai shi, gobe ma haka za ta ce. Shi kuwa na AI yana iya faɗar gaskiya yana iya ƙirƙirar abin da babu, kuma da murya ɗaya yake faɗar duka biyun, cike da tabbaci. Malam zai karanta ya gane wanne ne wanne, ɗan koyo fa? Zai bi ne kawai. Dalilin da ya sa Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kod, suka hana amsoshin ChatGPT a Disambar 2022 ke nan, suka ce amsoshin suna da kamar daidai amma da yawa ba daidai ba ne, kuma samar da su ba wuya, tantance su ne aiki. Daniel Stenberg mai kula da manhajar curl tun farkon 2024 yake kuka da rahotannin matsalar tsaro da AI ya rubuta, dogaye masu tsari, sai sun ɓata lokaci sun bincika su ga babu komai a ciki. Amma shi ɗin dai daga baya ya yaba wa wani mai bincike da ya yi amfani da irin waɗannan kayan ya gano matsaloli na gaske, bambancin shi ne wannan ya san abin da yake yi, ya tace kafin ya aiko.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, yaranmu da yawa yanzu AI ne ke rubuta musu kod ɗin tun farko. In AI ya rubuta AI ya duba aka haɗe, to a ina ɗan adam ya fahimci abin da ya shiga? Ranar da ya lalace wa za a kira?

auwal.py ya rubuta:

Slm. ni dalibi ne kuma irin mu ake magana akai shiyasa nace bari in sa baki. gsky bot yana taimaka min sosai musamman da daddare in na samu wuta, amma akwai abinda na lura dashi, in bot ya gyara min sai in danna karba kawai in wuce bana ma karantawa sosai, amma in wani yaya ne ya tambayeni meyasa kayi haka anan sai na zauna nayi tunani kafin in bashi amsa saboda ina jin nauyinsa, kuma irin wannan bana mantawa. Anti Maman Hanan abinda kika fada na wulakanci gaskiya ne amma ni shirun yafi min ciwo akan fada, in anyi fada ai an karanta

sadiq_go ya rubuta:

Malam na ji kuma misalin Sa'adatu ya shige ni. Amma ku bar ni in ƙara abu ɗaya don kar a ɗauka matsalar Abba ta warware da cewa mutum ya fi. Mutumin ina yake? Ai rashinsa ne ya kawo maganar.

Ku tuna abin da ya faru da xz a watan Maris na 2024. Ƙaramar manhajar matse fayil ce da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ne Lasse Collin yake riƙe da ita shekara da shekaru a matsayin sa kai, ya gaji, ana ta matsa masa a saƙonni wai aiki ba ya tafiya ya nemo mataimaki. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiko gyare-gyare masu kyau har aka yarda da shi aka ba shi dama, sannan ya dasa ƙofar baya, wato hanyar kutse ta ɓoye, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye ta a cikin fayilolin gwaji. Ba mai duba kod ne ya kama ba. Andres Freund, injiniya a Microsoft da ke aikin PostgreSQL, shi ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh tana cin ƙarfin inji fiye da kima tana ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyalewa ya bi diddigi. Na yarda mutum ne ya cece mu, inji bai yi ba. Amma ƙofar da aka shigo ta ita ce gajiyar mai kula da aikin. Duk rukunin da ya ɗora komai a wuyan mutum biyu uku 'yan sa kai yana kan wannan hanyar, ko su gaji su bari ko su fara danna amincewa ba su karanta ba, wanda ni a wurina ya fi rashin dubawar muni don yana ba da tabbacin ƙarya.

Malam_Habu ya rubuta:

Wannan gaskiya ne Sadiq, kuma a nan muka haɗu. Abba ga abin da zan ba ka shawara.

Duk abin da inji zai iya yanke hukunci a kai ba gardama, ku ba shi, kuma ku sa ya zama PR ba ya ma isowa gaban mutum sai ya wuce wannan matakin. Ku haramta wa masu dubawa yin sharhi a kan tsarin rubutu, in wani abu yana damunsu su je su ƙara shi a ƙa'idar linta. Bot ɗin AI ku bar shi ya yi magana amma kar ku ba shi ikon amincewa, a GitHub akwai saitin kare reshe da zai hana haɗewa sai mutum aƙalla ɗaya ya amince, ku kunna shi. Ku kuma gaya wa yara cewa sharhin bot shawara ce, wanda bai yarda da ita ba ya rubuta dalilinsa a ƙasa, wannan rubuta dalilin ma karatu ne.

Sannan maganar ƙarancin masu dubawa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka sai gwani ne zai duba. Wanda ya yi wata shida zai iya duba na wanda ya yi wata ɗaya, ko da abin da zai iya kawai shi ne ya ce ban gane me wannan layin ke yi ba, yi min bayani. Ku sa doka, kafin a duba naka sai ka duba na wani. Irin su Auwal su fara, ku manya ku zo daga baya ku duba aikin da sharhin da aka yi a kansa gaba ɗaya. Kuma ku hana PR mai girma, wanda ya kawo fayil talatin a mayar masa ya rarraba, ƙaramin gyara mutum zai iya karanta shi a waya yana cikin adaidaita.

Abin da Maman Hanan ta faɗa kuma kar ku ɗauke shi da wasa. A Linux in mutum ya duba gyara ya gamsu yana sa sunansa a layin Reviewed-by, ya zauna a tarihin aikin. Wanda sunansa zai zauna a kan aiki ya kamata ya ji nauyin abin da ya amince da shi da kuma yadda ya yi wa mai aikin magana. Wanda ya wulaƙanta ɗan koyo ku yi masa magana a gefe, in ya maimaita ku cire shi daga masu dubawa ko da shi ne ya fi kowa iyawa.

Abba_Kod ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Malam na gode ƙwarai. Zan kai maganar ga 'yan rukunin a zamanmu na ranar Asabar in sha Allah, musamman dokar nan ta duba na wani kafin a duba naka. Anti Maman Hanan in ba damuwa ina so ki taimaka mana da rubuta 'yar ƙa'idar yadda za a riƙa yin sharhi, da Hausa, don kin fi mu sanin inda abin ke yi wa mutane ciwo. Sadiq kai kuma dan Allah turo min yadda ka saita naka GitHub Actions ɗin, yawancin yaranmu Python suke yi sai kaɗan masu JavaScript.